Tsaga a Gindin Rumbun Na'Allah

Idan kana son ka ga ɓacin ran magini, ba sai ka zage shi ba. Ka je gaban aikinsa kawai ka tsaya, ka kama haɓa, ka girgiza kai ka wuce. To, irin wannan girgiza kan Jimrau ya sha a ranin shekarar nan, har ya kai ko gaisuwa aka yi masa sai ya ji kamar da magana a ƙarƙashinta.

A zamanin Dakoro ba ta wuce 'yan gidaje da rijiya guda mai zurfin tsiya ba. Manoma ne da suka gaji da yaƙin Gobirawa da Sakkwatawa, yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka hauro arewa suka sari daji a bakin ƙasar makiyaya. Jimrau ne maginin rumbunsu. Ba ya gina ɗaki, ba ya gina katanga, rumbun ƙasa kaɗai ya sani, amma fa ya san shi. Daga fadama yake ɗauko laka, ya kwaɓa ta da ciyawa, ya bar ta ta ruɓe har ta yi wari. Sa'an nan ya jera duwatsu don kada danshi da gara su taɓa gindin, ya riƙa ɗora zobe kan zobe da hannunsa, bango mai kauri a ƙasa, yana siraranta yana hawa. A wajen kawunsa ya koya, kuma tunda ya fara bai taɓa gina rumbun da ya faɗi ba. Shi kansa ba ya gajiya da faɗin haka, wannan kam aibinsa ne.

Rumbun da ya fi kowane kyau a hannunsa shi ne na wansa Na'Allah, uwa ɗaya uba ɗaya. Na'Allah ne babban gida, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin magana. A shekarar ya bar tsohuwar gonarsu ya je ya sari sabuwa can arewa da nisa, ko da dattawa sun ce masa wurin tsuntsaye ne. Ya ce tsuntsayen su ci, su bar masa saura, sauran ma sai ya nemi inda zai zuba. Shi ya sa ya ce wa ƙanensa ya gina masa rumbu kamu shida, wanda za a hango daga rijiya.

Al'adar garin kuwa ita ce, rumbu asirin mai gida ne. Shi kaɗai yake hawa ya shirya hatsinsa, ba wanda yake leƙa masa, mace kam ko tsaninsa ba ta takawa. Rana ɗaya ce tak ake ganin cikin rumbun wani, ranar ɗora jinka, don jinkar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, dole maƙwabta su hau su kama. Ranar da aka ɗora ta Na'Allah, waɗanda suka hau suka sauko suna ta salati. Zangarniya ce fal har baki, ka ce a tattaka a ƙara. Na'Allah ya sa aka dama fura aka sha, yana ta shafa gemu.

Wata bai cika ba tsaga ta fito a gindin rumbun, daga kan dutse zuwa tsayin gwiwa, gefen kuma ya kumburo kamar cikin jakin da ya sha ruwa da yawa.

Shi ke nan, gari ya samu abin yi. Mata a hanyar rijiya sai sun rage tafiya sun kalla. Tsofaffi a gindin bagaruwa suka fara cewa ai dama kawun nasa ne magini, shi wannan hannu ne kawai ya gada. Abin da ya fi ci wa Jimrau tuwo a ƙwarya shi ne Mutari. Mutari ne mai cinikin hatsi da Buzaye, yana ba su hatsi su ba shi gishiri da bisashe, kuma ya riga ya yi wa Jimrau alkawarin ginin manyan rumbunansa a ranin nan. Duk inda Mutari ya kai aikinsa, nan sauran gari suke kai nasu. Da labarin tsagar ya kai masa, sai ya aiko cewa a ɗan dakata tukuna. Jimrau ya san ma'anar wannan dakatawa. Idan bai wanke sunansa ba, ya gama gini a Dakoro.

Ya tafi gidan wansa da sassafe, ya tarar da shi tsugune yana yaɓa ɗanyar laka a kan tsagar.

"Yaya, bar shi haka nan, kana jiƙa bangon ne. Matsa in duba."

Na'Allah ko waiwaye bai yi ba. "Ka duba mi? Ka gina, ya tsage. Akwai sauran abin dubawa?"

"A kira mutane a ɗage jinka in ga ciki."

"Cikin rumbuna? Jimrau, yaushe ka girma haka ban sani ba?"

Haka Jimrau ya juyo yana cizon leɓe. Wansa ne, ba a ja-in-ja da shi a tsakar gidansa. Amma kafin ya fita sai da ya zaga rumbun sau ɗaya kamar mai neman abin da ya yar, yana ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Daga gindi har sama da kansa, wajen kamu huɗu ke nan, bangon ba ya amsawa, tim, kamar ka bugi ƙasa. Daga nan sama kuma yana amsawa ƙwal-ƙwal yadda rumbun zangarniya ya saba. Ya kuma lura da duwatsun. Duk sun nutse cikin ƙasa wajen yatsa biyu, ba ɗaya ba, ba gefe guda ba, dukkansu daidai wa daida.

Wannan ne ya hana shi sakat. Da farko laka ya zarga, ya je ya duba rumbun Samba, wani Bafillace da ya zauna noma, wanda aka gina da laka ɗaya, rami ɗaya, kwaɓi ɗaya. Lafiya lau yake, ko tsagar gashi babu. Ya dawo ya tsuguna gindin nasa rumbun, wanda girmansa ya yi kusa da na Na'Allah, duwatsu irin guda, cike da zangarniya shi ma. Duwatsunsa na nan zaune a sarari, ba su nutse ba ko kaɗan. Ƙasa ɗaya ce, faɗin duwatsu ɗaya. In nauyi ɗaya aka raba wa duwatsu masu faɗi ɗaya, don me na can za su nutse na nan su ƙi? Ashe dai abin da ke cikin na can ya fi nauyi.

Ya ce to, ko sussuka suka yi suka zuba tsaba, don tsaba ta fi zangarniya nauyi nesa ba kusa ba. Ya tare Hawwa'u matar wansa a hanyar rijiya ya tambaye ta. Ta sauke tulu ta buɗe masa tafin hannu tana dariya.

"Dubi hannuna, ƙanen miji. Da na sussuke hatsin cika rumbun nan, ai da ba ka ga fata a nan ba. Kai dai ka ce laka ta ba ka kunya."

Ya yi dariyar yaƙe ya wuce, ransa kamar ya fashe. Ko da tsabar ce ma, ya san bangon da ya gina. Kawunsa ya koya masa a gina kowane rumbu kamar tsaba za a cika shi da ita, don ba ka san halin mai gida ba. Abin da tsohon ya riƙa nanata masa shi ne, gindin rumbu ba ruwansa da faɗin rumbu, tsayin abin da ke kansa yake ji. Ka ɗora tafin hannunka a ƙasan rumbu, duk abin da ke tsaye a kan tafin nan har zuwa baki shi ke danne ka, shi ne kuma ke tura bango waje. Kowane kamu ka ƙara, ka ƙara danni. Shi ya sa ake kaurara gindi a siranta sama. Bangon Na'Allah an yi shi ne ya riƙe tsaba kamu shida, ya yi barcinsa.

Kwana biyu sai Jimrau ya zama abin kallo a gidansa. Ya ɗaure sanda a tsakiya da igiya ya rataye a reshen aduwa, ya saƙala faifai a kowane gefe, irin yadda masu jakai suke gwada kaya kafin su ɗora. Ya ɗauko ƙoƙuna masu girma ɗaya, ya cika wannan da gutsattsarin zangarniya, wancan da tsaba, wancan da wake, wancan da dawa, yana ɗorawa yana saukewa yana magana shi kaɗai. Zangarniya ba ta ko kama ƙafar tsaba. Wake da dawa da tsaba kuwa duk kusan tafiyarsu ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ba abin da ake nomawa a ƙasar nan da zai tsaga wannan bango, ballantana yana tsaye a kamu huɗu kawai.

Matarsa Uwale tana daka tana kallonsa ta gefen ido. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Maigida, waken miyata kake wasa da shi tun hantsi. In sabuwar sana'a ce ka faɗa mini, in sanar da dangi."

"Uwale, ki bar ni."

"Na bar ka. Ka auna hatsi, ka auna wake, ka auna dawa. Saura ƙasar tsakar gida, ita ma ka auna ta mu huta."

Don haushi ya yi, wallahi ba don komai ba. Ya fizgi ƙoƙo ya kwashi rairayin tsakar gida ya dangwara a faifai, ya ce to ga shi nan, ranki ya yi fari. Sandar ta yi ƙasa da ƙarfi har ƙoƙon tsabar da ke ɗaya gefen ya yi tsalle. Jimrau ya tsaya. Ya ƙara ƙoƙon tsaba na biyu a kan na farko. Sai a nan sandar ta taso a hankali, ta yi lilo, ta tsaya miƙe.

Ƙoƙo ɗaya na rairayi, biyu na tsaba. Ya lissafa a yatsunsa ko da ba ya so. Rairayi kamu huɗu, daidai yake da tsaba kamu takwas, ga kuma zangarniyar da ke kai. An ɗora wa bangon shida kayan da ya wuce takwas. Ai ba tsagewa ba, da bai faɗi tun ranar farko ba ma, aikin hannu ne ya yi kyau.

Uwale ta ajiye taɓarya. Ita ma ta gani, kuma ta fi shi saurin gane inda maganar ta dosa. Can sai ta ce a hankali, "Wayyo Hawwa'u."

Da farko daɗi Jimrau ya ji, ba za a ɓoye ba. Bangonsa ba shi da laifi! Ya ji kamar ya ruga gindin bagaruwa da sandarsa da ƙoƙunansa ya gwada wa tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya. Amma daɗin bai kai ƙofar gida ba ya tsinke. Wa zai zuba rairayi a rumbunsa ya lulluɓe da hatsi, in ba wanda gonarsa ta ci amanarsa ba, kuma ya gwammace mutuwa da a sani?

Ya jira har mata suka tafi rijiya, don rijiyar Dakoro rabin yini take ci. Ya sami wansa a bayan danga yana tufkar igiya. Kusa da shi ga wani wawakeken rami da aka soma cikewa da shara. Jimrau ya dubi ramin, ya dubi wansa, ya tsuguna.

"Yaya, rairayi ne."

Hannun Na'Allah ya tsaya a kan igiyar. "Ka leƙa mini rumbu?"

"Ban leƙa ba. Duwatsu suka faɗa mini, bango ya faɗa mini. Har kamu huɗu."

Na'Allah ya ajiye igiyar. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda ake ji daga rijiya ba ce. Ya ce tsuntsaye ne, jan-baki, sun sauka kamar hadari ana saura kaɗan a yi girbi. Ya yi ihu, ya kaɗa ƙwarya, ya yi jifa har kafaɗarsa ta sage. Abin da ya tsira shi ne wanda aka gani a bakin rumbu, sai ɗan abin da ke ƙaramin rumbun da ake ci yanzu. Ya ce da ya tuna ranar ɗora jinka, mutane za su hau su leƙa su ga rumbu kamu shida da hatsi a can ƙasa kamar tsakuwa a rijiya, bayan duk abin da ya faɗa a gaban dattawa, sai ya ji ba zai iya ba.

"To yanzu fa?" in ji Jimrau. "Iyalinka na ci hannu sake, sun ɗauka akwai. Ni kuma ana cewa ban iya gini ba. Mutari ya janye aikinsa, Yaya. Sana'ata ce ke tafiya."

"Ka ba ni zuwa bazara. Zan bi ayarin Buzaye kudu, in yi dako, in samo abin da zan samo."

"Bangon ba zai kai bazara ba! Kullum kana shafa masa ruwa. A ɗage jinka mu kwashe rairayin daga sama."

"Da hannun wa za a ɗage ta? Mu biyu?"

Nan fa ɗaya. Ɗan ɗagawar da mai gida ke yi ya zaro hatsi ba ta isa a kwashe rairayi ba. Ɗage jinkar duka sai mutum shida, mutum shida kuwa bakuna shida ne. A huda gindi a tsiyaye shi, bangon da ya riga ya kumbura zai biyo hannu. Duk ƙofar da Jimrau ya taɓa sai ya ji ta a toshe. Ya miƙe yana huci, ya ce to shi zai je ya faɗa wa Mutari gaskiya, shi kaɗai, a asirce.

Na'Allah ya ɗago ido ya dube shi. "Jimrau, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni na goya ka ranar da muka baro gida, ƙafarka duk ƙaya. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Kai, wannan magana ta fi duka ciwo. Jimrau ya fita. Har ya kama hanyar gidan Mutari, ya kai inda yana jin kukan raƙuman baƙinsa, sai ya tsaya, ya ɗura wa kansa zagi, ya juya.

Abin da ya iya yi shi ne ɗaure rumbun. Ya tufka igiyoyin kaba masu kauri ya yi masa ɗamara uku a gindi, ya kafa gumagumai ya tokare gefen da ya kumbura, ya roƙi wansa don girman Allah ya daina yaɓen nan. Sai abin ya ƙara zama abin dariya. Masu wucewa suka ce rumbun Jimrau ya tsufa tun yana jariri, har ya kama sanda. Yana ji, yana da amsar da za ta rufe bakin kowa, amsar na nan a kan harshensa, ba damar furtawa. Ya rame. Ya daina zuwa gindin bagaruwa. Uwale ma ta daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi komai nuna masa abin ya yi nisa.

Na'Allah kuma bai daina yaɓe ba. Duk safiya tsagar ta buɗe baki, shi kuma ba ya iya kallonta, sai ya cusa mata ɗanyar laka.

Alherin mutane ne ya ƙarasa aikin. Wata ranar da hantsi Hawwa'u ta ji rumbun yana ƙara, igiya ɗaya ta tsinke, ta fita da gudu tana kururuwa a zo a taimaka, abincin shekara zai zube. Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Maza suka zo da tabarmi da taikuna, Mutari da kansa ya zo, aka ce a ɗage jinka a kwashe hatsin tun bai haɗu da ƙasa ba. Na'Allah ya tsaya gaban rumbun ya ware hannuwa yana cewa a bari, a bari, ba komai. Wa zai saurare shi? An ɗauka kunya ce irin ta mai gida. Jimrau ya iso da gudu daidai lokacin da Samba ya jingina tsani ya taka mataki na uku.

"Samba, sauko! Ku matsa!"

Allah ya sa sun matsa. Gindin ya buɗe kamar an yanka shi da wuƙa, bangon ya durƙusa, jinka ta tuntsura gefe. Samba ya faɗa kan tabarmi, bai ji ciwo ba. Da ƙura ta lafa sai ga tudun rairayi a tsakar gidan Na'Allah, fari tas, yana ta gangarowa har kan ƙafafun mutane, da 'yar zangarniya warwatse a kansa.

Hawwa'u ta dubi rairayin, ta dubi mijinta, ta ɗora hannu a ka. Na'Allah yana tsaye, amma tsayuwar kawai ce, fuskarsa ta yi toka-toka. Jimrau kuwa ga shi an wanke shi a gaban gari duka, ba tare da ya buɗe baki ba. Abin da ya yi ta roƙo ke nan. Ya dubi wansa, ya ga mutumin da ba zai sake zama cikin maza ba har ya mutu, watakila ma gobe a neme shi a rasa. Ransa ya ɓaci, ya ji haushin wan, ya ji haushin kansa, ya ji haushin tsuntsaye da wanda ya ƙirƙiro ɗora jinka. Sai ya ji bakinsa yana magana.

"Gara ce."

Aka juyo ana kallonsa.

"Gara ce ta shiga ta cinye hatsin daga gindi, ta bar ƙasa. Laifina ne. Kusa da shuri na ɗebi lakar, na yi gaggawa, ban bar ta ta ruɓe ba."

Jama'a, wa aka haifa jiya? Ƙasar gara ja ce, a dunƙule take, da hanyoyi a cikinta, yaron goye ma ya san ta. Wannan kuwa rairayin bayan danga ne, mai tsabta, ko ƙwaro ɗaya babu. Mutari ya sunkuya ya damƙi cikin hannu, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa har ya ƙare. Ya dubi Na'Allah, ya dubi Jimrau, ya kakkaɓe hannu.

"Lalle gara ce," in ji shi. "Muguwar gara. Allah ya kiyaye na gaba."

Sai ga baki ya buɗe ko'ina. Wannan ya ce ai shi ma ya taɓa ganin irinta a Gobir. Wancan ya ce farar gara ke nan, ta fi ja ɓarna. Samba yana dafe da ƙugu ya ce shi tun yana kan tsani ya ji motsinta. Aka shiga yi wa Na'Allah jaje, ana dafa kafaɗarsa. Domin a garin, wanda gonarsa ta ƙi bayan ya yi kuri, nasa ya same shi, in ya nemi taimako roƙo ne. Amma wanda masifa ta faɗa wa rumbunsa, gobara ko gara, haƙƙinsa ne kowane gida ya kawo masa dami, ba a jira ya tambaya, ba kuma abin kunya ba ne. Nan take dattawa suka yanke haka. Suka ƙara da cewa magini, tunda sakacinsa ne, nasa kason ya fi na kowa.

Bayan kwana kaɗan Jimrau ya ji Mutari ya aika a kira masa wani magini daga wajen Kornaka. Ya kasa haƙuri, ya same shi a zaure shi kaɗai.

"Mutari, kai fa ka riƙe rairayin nan a hannunka. Ka san abin da ka gani."

"Na sani," in ji Mutari. "Bangon da ya riƙe wancan kaya wata da watanni, ban taɓa ganin irinsa ba. Ba kuma zan samu irinsa daga Kornaka ba."

"To don me?"

"In na ba ka aikin, na ce wa gari ba gara ba ce. Kai ka ce gara ce, Jimrau. Mu bin ka muka yi."

Jimrau ya fito, rana na dukansa, ya ji da ma da wanda zai kama da kokawa.

Ranar kai gudummawa ya buɗe nasa rumbun, ya fitar da damman da aka yanka masa, Uwale na tsaye tana kallo tana ƙidaya bakunan gidanta a zuci. Ya ɗora wa jaki ya kai. Tsakar gidan wansa cike da mutane, damma sun yi tsibi a kan tabarmi, an share rairayin tas. Na'Allah na zaune a kan buzu cikin dattawa, ya sa rigarsa ta fita, muryarsa ta soma dawowa. Da ya ga ƙanensa sai ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya ce to, tunda yaro ya amsa laifinsa ya kuma kawo abin da aka ce, ya kamata babba ya yi abin da ya dace, kada a bar zumunci da tabo.

Jimrau ya sauke damman, ya tsuguna a gaban wansa yadda ƙane yake yi. Na'Allah ya ɗora masa hannu a ka.

"Na yafe maka, Jimrau," in ji Na'Allah.

Jama'a suka zuba wa Jimrau ido suna jiran amsa.

"Na gode, Yaya."